Kiwon Tumaki: Yadda Malamin Dabbobi Zai Taimake Ka Garkenka Ya Ƙaru

Malam manomi, idan kana da tumaki biyar ko goma a bayan gida, ko kuwa na uwargida ne amma kai ke nemo musu harawa, wannan takarda taka ce. Ribar kiwon tumaki tana wajen yawan 'ya'yan da suka rayu har suka kai yaye. Tunkiyar da ta shekara ba ta haihu ba, ta ci dusa a banza. Wadda kuma ta haihu ɗan ya mutu cikin mako guda, wahalar wata biyar ta tafi ke nan.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce tumaki mata 10 gare ka. Biyu ba su ɗauki ciki ba, ɗaya ta yi ɓari, cikin 'ya'ya bakwai da aka haifa biyu sun mutu kafin yaye. Saura nawa? Biyar. Watau ka ciyar da uwaye 10 shekara guda don ka sami 'ya'ya 5. To, a ce maƙwabcinka shi ma 10 gare shi, tara suka haihu, biyu daga ciki suka yi tagwaye, ɗa guda kaɗai ya rasa. Shi ya yaye 10 ke nan, alhali harawar da kuka kashe kusan ɗaya ce.

Yawancinmu ba mu tunawa da malamin dabbobi sai tunkiya ta kwanta, an fara neman wuƙa. A wannan lokaci abin da zai iya yi maka kaɗan ne. Aikinsa mai amfani yana farawa ne tun tumakin suna tsaye da ƙafafunsu, kafin a saki rago, sa'an nan ya bi tunkiya daga barbara har zuwa yaye. Idan muka ce malamin dabbobi, muna nufin likitan dabbobi da ma'aikatan da aka horar suna aiki a ƙarƙashinsa, waɗanda za ka samu a asibitin dabbobi na jiha, ko sashen gona na ƙaramar hukuma, ko asibiti mai zaman kansa da ke da rajista. Mai baza magani a kan tabarma ran kasuwa, rana na dukan kwalabensa, ba ya cikinsu.

ALLURAR RIGA-KAFI

Akwai annoba guda da ta fi kowace ɓarna ga tumaki da awaki a ƙasar nan, likitoci suna kiranta PPR. Ka san ta ko da ba ka san sunan ba. Dabba ta kan yi zazzaɓi ta ƙi cin abinci, majina da kwantsa su toshe mata hanci da ido, bakinta ya yi gyambo yana wari, sai zawo mai ɗoyi ya biyo baya, sai tari da numfashi sama-sama. Mai ciki ta kan yi ɓari. Ta fi tsananta wa awaki, amma tumaki ba su tsira ba, musamman ƙanana. A kan fi ganinta lokacin hunturu da farkon damina, da kuma duk sa'ad da aka shigo da dabbobi daga kasuwa, kamar gab da Babbar Salla.

Wannan cuta ba ta da maganin warkewa. Allurar da malamin dabbobi ya kan yi wa wadda ta kamu, don ta hana wasu cututtukan huhu su hau kanta ne, ko Allah zai sa ta tashi. Amma tana da riga-kafi mai kyau ƙwarai. An fara gane cutar a ƙasar Kodibuwa a 1942, kuma ƙwayar da aka sarrafa aka yi allurar riga-kafin da ƙasashen Afirka da yawa ke amfani da ita, a Nijeriya aka samo ta a 1975. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana yin wannan allura. Dattawa ba su manta da ɓarnar da ciwon bushiya ya yi wa shanu a 1983 ba. To, da riga-kafi aka yaƙe shi, har aka ba da sanarwar ƙarewarsa a duniya a 2011. PPR 'yar'uwar bushiya ce, kuma a 2015 hukumomin duniya masu kula da abinci da lafiyar dabbobi suka ɗau niyyar kawar da ita nan da 2030.

Allura ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye. Duk da haka ka fito da garkenka kowace shekara, domin kullum akwai sababbin haihuwa da waɗanda aka sayo. Ɗan tunkiya ya kan sami kariya daga nonon uwarsa idan an yi wa uwar allura, amma kariyar tana gushewa, saboda haka a yi masa tasa idan ya kai wata uku zuwa huɗu.

Ga wani abu da ya kamata ka lura da shi. Wannan allura ba ta jure zafi. Tilas ta zo cikin kula da ƙanƙara, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta sai a yi amfani da ita cikin awa biyu, ragowar a zubar. Kwalba guda kuwa ta dabbobi da yawa ce, hamsin ko ɗari. Mai tumaki shida ba zai iya sa a fasa kwalba dominsa shi kaɗai ba. Dabara ita ce ku haɗu da maƙwabta, ku sanar da mai unguwa, ku sa rana, a tara dabbobin unguwa da sassafe, malamin dabbobi ya zo sau ɗaya. Kuɗin ya ragu, kuma garken unguwa duka ya sami kariya, tun da tare suke fita kiwo. Wanda ya zo maka da kwalba a aljihu ya ce riga-kafi ce, kada ka ba shi kuɗinka.

Riga-kafi ba ta amfanar dabbar da ta riga ta kamu. Haka kuma duk tunkiya ko ragon da ka sayo, ka ɗaure shi waje dabam har kwana 21, da kwanon ruwansa da na abincinsa, kafin ka haɗa shi da sauran. Mutane su kan ga wannan kamar wahala ce, amma ta wannan ƙofa annoba ta fi shiga gida.

RAGO

Tunkiya mara kyau ɗanta kaɗai za ta ɓata. Rago mara kyau kuwa zai ɓata 'ya'yan garke duka. Amma duba yadda muke yi: ragon da ya fi girma da kyan ƙaho shi a ke turkewa don layya, ko a kai shi kasuwa, a bar tsurarru da ƙananan da ba su sami mai saye ba suna barbarar tumaki. Shekara biyar ana haka, sai mutum ya ce tumakin yanzu ba su girma kamar na da. Ka zaɓi ragon barbara tun kafin ka zaɓi na sayarwa. Ya zama ɗan tunkiya mai yawan nono ne, mai saurin girma, in da hali wanda aka haifa tagwaye.

Kamar wata biyu kafin ka sake shi, ka sa malamin dabbobi ya duba shi. Zai taɓa 'ya'yan marainansa ya ji ko biyu ne cif, girmansu ɗaya, masu ƙwari, babu kumburi ko ƙullutu. Zai duba kofato da gaɓoɓi, domin gurgun rago ba ya iya hawa. Zai duba haƙora da jinin jikinsa. Dalilin cewa wata biyu shi ne, maniyyin rago yana ɗaukar kusan mako bakwai kafin ya nuna. Ragon da ya yi zazzaɓi mai zafi yau, ko ya warke ya ci gaba da bin tumaki, mai yiwuwa ne ba zai ba da ciki ba sai bayan mako shida zuwa takwas. Sau da yawa a kan ɗora wa tunkiya laifi a ce juya ce, a sayar da ita, alhali matsalar tana wajen rago. Idan ka ga tumaki uku ko huɗu suna ta sake neman rago, shi za a fara bincika.

Babban rago lafiyayye ya ishi tumaki 25 zuwa 30. Saurayin da bai cika shekara ɗaya da rabi ba, kada a ba shi fiye da 15. Mai ƙaramin garke ba dole ne ya riƙe nasa ba, gida uku ko huɗu suna iya haɗa kai su riƙe rago guda mai kyau, muddin dabbobinsu duka an yi musu riga-kafi. Kada rago ya daɗe a garke har ya hau 'ya'yansa mata. Bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu ka musanya shi da na wani gari. Barbarar dangi na kusa ta kan kawo 'ya'ya raunana, da naƙasassu, da yawan mutuwar ƙanana.

Game da iri kuwa, 'Yanƙasa, farare masu baƙi a ido da baki, su suka fi yawa kuma sun saba da kusan ko'ina a arewa. Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, ta fi son sahel. Balami ta fi su girma, asalinta wajen Barno ne, kuma ba ta jin daɗin wuri mai laima. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kan waɗannan irin. Sha'awar babban rago ta kan sa mutum ya ɗora ƙaton Balami a kan 'yar ƙaramar tunkiya da ba ta taɓa haihuwa ba. Ka yi shawara tukuna, domin ɗa zai iya fin ƙarfin ƙugunta.

TUNKIYA KAFIN BARBARA

Ran da malamin dabbobi ya zo duba rago, ya duba matan gaba ɗaya. Ku buɗe bakin kowace. Tunkiya ta kan fitar da manyan haƙora biyu na gaba tana da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta cika takwas wajen shekara huɗu. Wadda haƙoranta suka fara zubewa ba za ta iya cin abin da zai riƙe ta da ɗa ba. Ku taɓa hantsa, idan gefe guda ya yi tauri kamar dutse, ya mutu. Irin waɗannan, da wadda ta yi zagaye biyu da rago lafiyayye ba ta ɗauka ba, a ɗan kiwata su a sayar, a ba masu haihuwa abincinsu. Mun san uwargida ta kan shaƙu da tsohuwar tunkiyarta, amma 'yarta tana nan za ta gaje ta.

Kada ka bar 'yar tunkiya ta ɗauki ciki kafin ta kai kashi biyu cikin uku na girman uwarta, watau wajen wata 9 zuwa 12 idan tana cin abinci sosai. Cikin wuri ya kan tsumburar da ita, ɗan kuma ya zo ƙarami.

Mako biyu zuwa uku kafin a saki rago, ka ƙara wa tumakin abinci, kamar rubu'in kilo na dusa haɗe da ɗan angurya ko ƙuli-ƙuli ga kowace a rana, bayan harawarsu, ka ci gaba har mako biyu ko uku bayan barbara. Tunkiyar da jikinta ke ƙaruwa lokacin barbara ta fi saurin ɗauka, ta fi kuma yin tagwaye. Wannan dabara ta fi aiki ga ramammu, wadda ta riga ta yi ƙiba ba ta bukata. A ajiye musu gishirin lasa da ruwa mai tsabta kullum.

Tumakinmu suna neman rago kowane lokaci na shekara. Tunkiya ta kan nemi rago kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi, idan ba ta ɗauka ba sai ta sake nema bayan kwana 16 ko 17. Ka bar rago tare da su kwana 35 zuwa 40, ya kama zagaye biyu ke nan, sa'an nan ka fitar da shi. Amfanin haka shi ne ka san watan haihuwa, tun da ciki kwana 150 ne ko kusa da haka. Idan aka yi barbara a watan Mayu ko Yuni, haihuwa za ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba, da kaka, ga harawar wake da ta gyaɗa, ga ƙaiƙayi, laima kuma ta ɗauke.

Za ka ji ana cewa tunkiya tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu. Gaskiya ne: wata biyar na ciki, wata uku na shayarwa, wata takwas ke nan. Amma ta wannan tsari dole wata haihuwar ta faɗo a bazara ko damina. Wanda bai tara harawa ya ɗora a rumfa ba, gara ya tsaya a kan haihuwa ɗaya mai kyau a shekara.

TSUTSAR CIKI DA CIWON HANTA

Annoba ta kan zo da hayaniya kowa ya gani. Tsutsa kuwa a ɓoye take cin garke, ta hana tunkiya ɗaukar ciki, ta ƙafar da nono, ta kashe ƙanana. Wadda ta fi mugunta 'yar siririya ce kamar zare, tana manne a bangon tumbi tana shan jini. Macenta tana yin ƙwai dubbai a rana, ƙwan ya fita cikin kashi, idan akwai laima da ɗumi cikin mako guda 'ya'yan sun ƙyanƙyashe sun hau ciyawa. Tunkiya ta ci su, bayan kamar mako uku su ma sun fara ƙwai. Da rani, sa'ad da ƙasa ta bushe, ƙananan tsutsotsin su kan kwanta a bangon tumbi ba su motsi, sai damina ta gabato su farka. Uwa mai shayarwa kuma ta fi kowa zubar da ƙwan tsutsa, a daidai wurin da ɗanta zai fara koyon cin ciyawa.

Kana iya gane shan jinin da idonka. Ka ja fatar idon tunkiya ta ƙasa a cikin haske ka duba cikinta. Idan ja ce sosai, jini ya wadata. Idan ta koɗe ko ta yi fari, akwai matsala. Idan har ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi ruwa-ruwa, abin ya yi nisa. Da damina ka riƙa wannan dubawa kowane mako biyu. Ka roƙi malamin dabbobi ya nuna maka sau ɗaya, ba za ka manta ba.

Lokutan da a kan fi ba da magani su ne farkon damina da ƙarshenta, sai kuma waɗanda idonsu ya koɗe a tsakani. Amma wane magani da kuma nawa, wannan aikin malamin dabbobi ne, kuma ga dalili. Da farko, ana auna magani da nauyin dabba. Raba ƙwaya guda ga tumaki uku don tsimi ba ya kashe tsutsa, sai dai ya koya mata jure maganin, kuma a ƙasashe da yawa an kai ga magungunan da aka saba da su sun daina aiki saboda irin wannan. Na biyu, maganin da ake kira albendazole, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, bai kamata a ba tunkiya shi a cikin kwana 30 na farkon ciki ba, domin yana iya kawo ɓari ko naƙasar ɗa. Wanda bai san ranar barbara ba, yaya zai kiyaye wannan? Na uku, idan aka kai kashi asibiti aka duba da madubin likita, za a san irin tsutsar da ke akwai, kada a yi ta sayen maganin da bai dace ba. Ko wane magani ne, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ka kuma tambayi kwana nawa za a jira kafin a yanka dabbar ko a sha nononta.

Ciwon hanta dabam yake. Tsutsarsa faffaɗa ce kamar ganye, tana bi ta jikin ƙananan dodon koɗi na fadama da bakin tafki da madatsun ruwa. Tumakin da ke kiwo a irin waɗannan wurare da rani su suka fi kamuwa, kuma ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba. Idan ka yanka dabba ka ga hanta ta yi tauri da jijiyoyi farare, ka gaya wa malamin dabbobi.

Naka aikin a nan shi ne share turke kullum ka kai takin gona, ka sa abinci a komi ko ka rataye harawa kada a tattake ta da kashi, kuma da damina kada a fita kiwo sai raɓa ta bushe. Kaska da ƙwarƙwata da ƙazuwa su ma suna rage jini, a yi maganinsu tare. Kada ka wanke dabba da maganin feshin gona.

CIKI DA ƁARI

Wata uku na farko tunkiya ba ta bukatar wani abu na musamman ban da abinci mai isa. Mako shida na ƙarshe su ne abin lura, domin a cikinsu ɗa ya ke yin mafi yawan girmansa, hantsa kuma tana cika. Ga ciki ya matse tumbi, ba ta iya cin ciyawa da yawa. A nan ne za ka fito da harawarka mafi kyau, da dusa da angurya, da 'ya'yan gawo idan akwai, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kada ka juye mata hatsi da yawa rana ɗaya, ya kan kumbura ciki har ya kashe. Idan mai tsohon ciki, musamman mai tagwaye, ta ware kanta, ta ƙi ci, tana cizon haƙora, tana tafiya kamar ba ta gani, yunwar ciki ce ta taɓa ta. Ka kira malamin dabbobi ran nan, domin idan ta kwanta da wuya ta tashi.

Ɓari guda yana iya zama na duka ko tunkuyi. Ɓari biyu ko uku a jere cuta ce, sai an bincika. Wasu daga cikin cututtukan ɓari, kamar bakkale, suna kama mutum, su sa shi zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Kada ka taɓa ɗan ɓari ko mahaifa da hannu tsirara, ka sa safar hannu ko leda. Ka ware uwar, ka kira malamin dabbobi ko zai ɗauki abin da zai kai a gwada, sauran a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Mace mai ciki kada ta kusanci tunkiyar da ta yi ɓari ko mai haihuwa. Nono kuma a tafasa shi kafin a sha.

Haka nan idan dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta. Yana iya zama antaraks, wanda wasu ke kira ciwon saifa, yana kuma kashe mutum. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja a watan Yuli na 2023. A sanar da ofishin dabbobi nan da nan.

RANAR HAIHUWA

Ka tanadi wuri busasshe mai tsabta, da zana ta kare iskar hunturu ko rufi ya kare ruwa. Yawancin tumaki su kan haihu da kansu, ɗa ya fito da ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu. Idan faya ta fashe, tana ta yunƙuri har kusan awa guda ba abin da ya fito, ko ka ga kai kaɗai, ko wutsiya, ko ƙafa ɗaya, a nemi malamin dabbobi. Jan ɗa da ƙarfi da hannu mai datti ya kan yaga mahaifa, a rasa uwa da ɗa. Mabiyiya ta kan faɗo cikin 'yan awoyi. Idan ta wuce awa 12 kada a ja ta, a kira shi.

Da ɗa ya faɗo, ka share masa majinar hanci, ka bar uwar ta lashe shi. Ka tsoma cibiyarsa cikin ruwan aidin, kada a shafa toka ko ƙasa. Ta cibiya ne ƙwayoyin cuta ke shiga su kumbura gaɓoɓin ɗa bayan mako ɗaya ko biyu. Sa'an nan abin da ya fi kome: dakashi. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da kariya daga cuta ko kaɗan, a cikin dakashi ya ke samunta, kuma hanjinsa yana karɓarta ne a awoyin farko kaɗai, bayan kwana guda ƙofar ta rufe. Ka tatsi kowane kan nono sau ɗaya ko biyu don toshiyar ta fita, ka tabbata ɗa ya kama ya sha cikin awa biyu na farko. Idan ya kasa tsayawa, ka tatsa ka ba shi kaɗan-kaɗan, kansa a sama, kada ya shaƙe. Idan tagwaye ne ka lura da ƙaramin, babban ya kan danne shi. Ka bar uwa da 'ya'yanta su kaɗai kwana biyu ko uku su san juna, ka wadata ta da ruwa da abinci, domin mai shayarwa ta fi mai ciki bukata.

Daga mako biyu zuwa uku ɗa zai fara taɓa ganyen harawa da dusa, ka sa masa inda manya ba su kaiwa. Zawo ko tari ga ƙarami ba abin jira ba ne. A yaye shi a wata uku, a daidai lokacin da zai karɓi riga-kafinsa. 'Yan raguna kuwa a raba su da mata kafin su kai wata biyar, domin daga nan suna iya ba da ciki. Wanda ba za a bari don barbara ko layya ba, malamin dabbobi yana da ƙarfen dandaƙa da ba ya fid da jini. Kuma a tsince leda daga inda tumaki ke yawo. Tunkiyar da ke ramewa ga ciki ya yi tauri, an ba ta maganin tsutsa bai yi ba, sau da yawa leda ce ta cika mata tumbi, sai an yi mata aiki.

ABIN DA ZA KA RUBUTA

Ka sami ɗan littafi, da boko ko da ajami, ko ka sa yaro ɗan makaranta ya riƙa rubuta maka. Kowace tunkiya da sunanta ko kamanninta, ranar da aka saki rago, ranar haihuwa, ɗa nawa, nawa suka kai yaye, ranar riga-kafi, sunan maganin da aka ba da ranar da aka ba da shi. Da wannan littafi za ka san wadda za ka riƙe 'yarta da wadda za ka sayar. Idan ka kira malamin dabbobi ta waya, ka gaya masa dabba nawa suka kamu, yaushe abin ya fara, ko ka shigo da sabuwa kwanan nan, da maganin da ka riga ka ba, kada ka ɓoye. Ka ajiye kwalbar ko takardar maganin ya gani.

Don ƙarin bayani, da sanin ranar da za a yi riga-kafi a yankinku, ka tuntuɓi malamin gona na ƙauyenku ko asibitin dabbobi mafi kusa da kai.